Farin Fenti, Audugar Gilashi ko Toshe Kafofi: Da Wanne Za a Fara a Tsohon Gida Mai Zafi?

Mai tsohon gida a ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwan sama yakan zo da tambaya ɗaya: kuɗin da ke hannu ba za su isa a yi komai da komai ba, to ina ya kamata a zuba su? Masu sayar da kaya kowa da tasa amsar. Mai fenti zai ce fenti, mai gilashi zai ce a sauya tagogi, mai feshin kumfa zai ce a feshe ƙarƙashin kwano gaba ɗaya. Kowannensu yana da gaskiya a wani gidan, ba a kowane gida ba. Abubuwa biyu ne ke raba gardama: irin rufin da ke kan gidan, da kuma yadda ake sanyaya shi, ko da iyakwandishan, ko da na'urar sanyaya iska da ruwa, ko kuwa da iskar dare kawai.

Kafin a sayi ko ƙusa ɗaya, a shiga ɗakin da ya fi zafi da misalin ƙarfe uku na rana, a hau kujera a ɗora tafin hannu a jikin silin, sannan a taɓa bangon yamma, a taɓa wanda rana ba ta bugu. A yawancin gidaje marasa bene, silin ne zai fi ɗumi nesa ba kusa ba. Da tsakar rana, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar kusan wat 1,000 na hasken rana. Kwano mai duhu ko mai tsatsa yakan kai digiri 70 zuwa 80, iskar da ke kulle tsakaninsa da silin kuma ta kai 55 zuwa 65. Abin da ya raba mutum da wannan zafin shi ne allo ɗaya wanda kaurinsa bai kai santimita biyu ba.

Ana auna ƙarfin abu wajen tare zafi da lamba R: iya girman lambar, iya ƙarfin tarewa. A ɗauki kaurin abin a mita, a raba shi da lambar da ke nuna saurin ratsawar zafi a cikinsa. Ta audugar gilashi, audugar dutse (zaren gilashi ko na dutse da aka tara kamar auduga) da niƙaƙƙiyar takarda tana wajen 0.04, ta farin soso (irin wanda ake kare kayan lantarki da shi a cikin kwali) wajen 0.036, ta allon kumfar foliyuritan wajen 0.024. Ta kankare kuwa tana tsakanin 1.4 da 2, wato zafi yana ratsa shi fiye da sau 35 a kan yadda yake ratsa auduga. Santimita 10 na audugar gilashi R 2.5 ke nan. A lura da kayan da aka rubuta wa lamba da ma'aunin Amurka: tasu lambar ta ninka wannan kusan sau 5.7, don haka R-30 a jikin ƙunshi daidai yake da 5.3 a ma'aunin mita. An sha rufe masu saye da wannan bambanci.

Ga lissafin ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, cikin silin yana digiri 60, ɗakin yana 28. Silin tsirara, mai R wajen 0.3, yana zubo kusan wat 1,700 a ɗakin. Ƙaramar iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya tana iya fitar da wat 2,600 ne kacal, ke nan kashi biyu cikin uku na aikinta ya tafi a silin kaɗai. A shimfiɗa santimita 5 na auduga, zafin ya koma wat 330. Santimita 15, wat 126. Santimita 30, wat 66. Abin da lissafin ke faɗa a fili yake: shimfiɗar farko ita ce ke yin babban aikin, kuma bayan an wuce santimita 15 zuwa 20, kuɗin sun fi amfani a wani wurin.

Rufin kwano mai silin: hanyoyi huɗu

Hanya ta farko ita ce a hana zafin shiga tun daga sama, a shafa wa kwanon farin fenti na rufi. Sabon farin shafi yana mayar da kashi 70 zuwa 85 cikin 100 na hasken rana, mai duhu kuwa bai wuce 20 ba, kuma bambancin zafin jikin rufin biyu yakan kai digiri 25 zuwa 30. Kwano mai sheƙi wanda ba a shafa masa komai ba yana yaudarar ido: yana mayar da haske daidai gwargwado, amma ba ya iya sakin zafin da ya riga ya ɗauka, shi ya sa farin fenti ke finsa sanyi. Aikin yana da ƙa'ida. A wanke rufin, a kankare tsatsa da buroshin waya, a sa fentin share fage mai hana tsatsa, sannan shafi biyu na fentin akirilik mai talewa, wajen lita 1 ga kowane murabba'in mita idan an haɗa shafi biyun. A yi da sassafe, domin fentin da aka shafa a kan kwano mai zafi yakan bushe ta sama ya bar ciki ɗanye, ya kumbura, ya saɓule. Rauninsa ƙura ce. A ƙasar da ba a yawan ruwan sama babu mai wanke rufi, cikin shekara biyu zuwa uku farin ya dusashe, sai an riƙa wankewa. Kuma inda hunturu ke da sanyi sosai, farin rufi ba ya taimakon komai da daddare. Game da fentin da ake tallarsa da cewa yana ɗauke da ƙwayoyin tangaran masu tare zafi kamar auduga: shafin da bai kai milimita 1 ba ba shi da R ɗin da za a ambata, farinsa ne ke aiki. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kai wasu kamfanonin fenti kotu a 2020 a kan irin wannan iƙirari.

Hanya ta biyu takardar alminiyam ce da ake ratayawa a ƙarƙashin kwano. Ba ta da kauri, aikinta tare hucin da kwano mai zafi ke feso wa silin. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma shi ake yawan karyawa: dole fuskar mai ƙyalli ta kalli sarari na aƙalla santimita 2.5. Idan aka manna ta a tsakanin kwano da katako ba rata, ta zama ƙarfe mai isar da zafi kawai. Kada kuma a shimfiɗa ta a kan silin fuska na kallon sama, ƙura za ta lulluɓe ta, amfaninta ya ragu ƙwarai. A rataye ta a jikin katakon rufi, ƙyallin yana kallon ƙasa. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tana rage kuɗin sanyaya gida da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a wurare masu zafin rana. Taimako ne, amma ba ta maye gurbin auduga, kuma mai kumburin iska a tsakiya da ake sayarwa da tsada R ɗin jikinta wajen 0.2 ne kawai. Alminiyam yana ɗaukar wutar lantarki. A shirin gwamnatin Ostireliya na sa wa gidaje kayan tare zafi, tsakanin 2009 da 2010, matasa ma'aikata huɗu suka rasu, uku wuta ce ta ja su, ɗaya zafin cikin rufi ne ya kashe shi. A kashe wutar gidan daga babban makunni kafin a hau, a yi aikin da asuba, a sauko kafin rana ta ɗaga.

Hanya ta uku, wadda a ganinmu ita ce ginshiƙi a irin wannan gida, shimfiɗa kayan tare zafi ne kai tsaye a bayan silin. Ba ruwanta da ƙura, ba ta dusashewa, tana aiki rani da hunturu, kuma ana yinta sau ɗaya ta daɗe shekaru masu yawa muddin rufin ba ya yoyo. Wanda zai iya abu ɗaya kacal cikin huɗun, ya yi wannan, bayan ya toshe kafofin silin. Wanda zai iya biyu, ya ƙara farin fenti, musamman idan kwanon dama yana bukatar gyara. Akwai gida ɗaya da fenti ke zuwa farko: wanda ba shi da silin sam, ko wanda sararin cikin silin ɗinsa ya yi ƙanƙanta har mutum ba ya iya shiga.

Hanya ta huɗu feshin kumfa ne a jikin kwano ta ciki. Yana tare zafi yana kuma toshe iska a lokaci ɗaya, shi ya sa yake burge mutane. Mai ƙwayoyi a rufe, wato wanda ƙananan ramukan cikinsa suke a kulle, ya fi ƙarfi, santimita 5 kan ba da R wajen 2. Sai dai shi ne mafi tsada, kuma kuskurensa ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Sinadarai biyu ake haɗawa kashi ɗaya da ɗaya. Idan awon ya kauce, kumfar ba ta ƙamewa, warinta ya zauna a gidan. Yana fitar da zafi yayin ƙamewa, don haka ba a wuce santimita 5 a feshi ɗaya, in an zarce yana iya kamawa da wuta. Mutanen gida su fita aƙalla awa 24. Yana ɓoye yoyo har sai katako ya ruɓe, kuma ranar da za a sauya kwano ɗaya sai an sha wahala. Inda ya cancanta shi ne gidan da bututun iskar iyakwandishan suka bi ta cikin rufi, ko rufi mai lunguna da yawa wanda ba a iya shimfiɗa a cikinsa. Wanda kuwa kwanonsa ya mutu dama zai sauya, ya duba falle mai kumfa a tsakiya, mai kaurin santimita 5 ko fiye, farin launi. Ya gama aiki biyu da ƙusa ɗaya.

Wace shimfiɗa?

Audugar gilashi ita ce mafi sauƙin samu kuma mafi rashin nauyi, santimita 15 bai wuce kilo 2 zuwa 3 a murabba'in mita ba. Wannan ya sa ta dace da tsohon silin mai sirantaka wanda ba ya ɗaukar kaya. Ba ta cin wuta. Tana sa ƙaiƙayi, a sa riga mai dogon hannu, tabarau da takunkumi. Audugar dutse ta fi ta nauyi ninki biyu zuwa uku, ta fi ta tsayawa da siffarta, tana jure zafi sama da digiri 1,000, tana kuma rage ƙarar ruwan sama a kan kwano. Niƙaƙƙiyar takarda da aka haɗa da sinadarin borat ana hura ta da inji, tana shiga kowane lungu, abin da ke da muhimmanci a tsohon rufi mai katakai marasa tsari. Amma tana zaunawa ta rage wajen kashi 20 cikin 100, don haka mai son santimita 20 ya sa a hura 25. Tana da nauyi, tana shan ruwa in rufi ya yi yoyo, kuma tana zubowa ta kowace tsaga a silin.

Allunan soso da na kumfa sun fi ba da R a ɗan kauri, santimita 12 na foliyuritan daidai yake da 20 na auduga, amma a cikin silin ba sirantaka ake nema ba, wuri yana nan. Yanka su daidai tsakanin katakai masu karkata aiki ne ja, kowace rata kuma asara ce. Suna cin wuta da hayaƙi mai guba, dole a rufe su da allon jifsam mai kaurin milimita 12.5 ta ɓangaren ɗaki. Farin soso yana fara laushi a wajen digiri 75 zuwa 80, kada ya taɓa kwano. Gara ba ta cinsa, amma tana haƙa hanya a cikinsa a ɓoye.

Ko wacce aka zaɓa, ingancin shimfiɗawa ya fi sunan kayan tasiri. A koma wancan ɗakin mai santimita 15: idan aka bar kashi 5 cikin 100 na silin a buɗe, a kusurwoyi da gefen katakai, R ɗin ya faɗo daga 4 zuwa 2.5, zafin ya tashi daga wat 126 zuwa 205. A yanka kowane yanki ya fi wurinsa faɗi da santimita 1 don ya zauna ɗam. Kada a danne shi, iskar da ke cikinsa ita ce ke aiki. Shimfiɗa biyu sun fi ɗaya: ta farko tsakanin katakai, ta biyu a gicciye a kansu. Murfin ƙofar shiga silin ma a manna masa allon kumfa, a zagaye bakinsa da roba. A gefen rufi, inda iska ke shiga, a bar rata ta santimita 5 tsakanin shimfiɗa da kwano. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce murabba'in mita 1 na kafar iska ga kowane 150 na faɗin silin, rabi a ƙasa rabi a ƙololuwa, da ragar waya don hana tsuntsu da ɓera.

Abubuwa uku ne ke tsayar da aiki har sai an gyara su. Tsohuwar wayar wuta da robarta ta bushe, ko mahaɗa da aka naɗe da salatif ba akwati, ba a binne su a cikin auduga. Ko sabuwar waya ce, idan shimfiɗa ta kewaye ta tsawon rabin mita, ƙarfin wutar da take iya ɗauka lafiya yana raguwa da rabi, don haka a ɗaga wayoyi su hau sama. Fitilun da aka nutsa a cikin silin a ba su tazarar santimita 7.5, sai dai in an rubuta a jikinsu cewa ana iya rufe su. Na uku asbestos ne, wani ma'adini mai zare wanda ke cikin allunan silin da fallayen rufi na tsofaffin gidaje da yawa. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Huda shi, yanka shi ko goge shi ne ke sakin ƙurar da ke jawo cutar huhu da kansa bayan shekaru. Idan ana zargin shi ne, a gwada kafin a taɓa.

Toshe kafofi kafin shimfiɗa

Auduga tana tare zafi amma iska tana ratsa ta kamar rariya. Duk wanda ya ɗaga tsohuwar shimfiɗa zai ga baƙaƙen tabo a wasu wurare, a gefen bango ko kewayen waya. Ƙura ce da audugar ta tace daga iskar da ke wucewa shekara da shekaru, kuma kowane tabo yana nuna kafa a ƙarƙashinsa. A wancan ɗakin mai tsayin mita 3, idan iskar waje mai digiri 42 tana maye gurbin ta ciki sau ɗaya a awa, tana shigo da wajen wat 220, wato ta fi abin da silin mai shimfiɗa ke zubowa. Idan daga cikin silin take sauka, ya haura wat 500. Saboda haka ake toshewa tukuna. Bayan an shimfiɗa, babu mai komawa ya ɗaga auduga yana neman ramuka.

Gano su ba wuya. A rufe ƙofofi da tagogi, a sa fanka a taga ɗaya tana hura waje, a toshe gefenta da kwali, a kunna turaren tsinke a bi bakin silin, soket, ƙasan ƙofa da inda bututu ya ratsa bango. Inda hayaƙin ya kwanta, nan ne. Ƙofa kuwa a rufe ta a kan takarda, in ta zaro ba tare da turjiya ba, robar wurin ba ta aiki. Ƙwararru suna amfani da babbar fankar ƙofa a matsin faskal 50 (ma'aunin matsin iska), su ƙirga sau nawa iskar gida ke sauyawa a awa. Tsofaffin gidaje sukan haura 10, wasu har 20. Ƙa'idar makamashi ta gini ta Amurka ta 2021 ta tsayar da sababbin gidaje a sassa mafi zafi a kan 5, ma'aunin Passivhaus na Jamus, na gidaje masu tsimin makamashi, kuma 0.6. Tsohon gida ba sai ya kori 0.6 ba, rage yoyon da rabi ma babban ci gaba ne.

Faɗin tsaga shi ke zaɓar abin toshewa. Ƙasa da milimita 6, danƙon akirilik a ciki, silikon ko foliyuritan a waje inda rana ke bugu. Tsaga mai zurfi a fara cusa mata igiyar soso, don danƙon ya kama gefe biyu kawai ya iya talewa. Daga milimita 6 zuwa santimita 7, kumfar gwangwani, amma a kewayen taga da ƙofa a nemi marar kumburi sosai, ɗayar tana lanƙwasa firam. Rana tana cinye kumfa cikin 'yan watanni, a rufe ta da fenti ko filasta. Abin da ya fi haka girma a rufe da allo a zagaye bakinsa. Kewayen bututun hayaƙi, farantin ƙarfe da danƙo mai jure wuta kawai. Bututun iyakwandishan da suka bi cikin rufi sukan zubar da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da aka sanyaya. A shafe mahaɗansu da danƙon bututu da raga. Gwajin da cibiyar binciken Lawrence Berkeley ta yi a 1998 ya nuna salatif mai ƙyalle yana saɓulewa da wuri a cikin zafi.

Fankar da ake kafawa don zuƙe zafin cikin silin ba ma ba da shawararta a gida mai iyakwandishan. Idan silin yana da kafofi, iskar ɗakin da aka sanyaya da kuɗi za ta riƙa zuƙowa.

Rufin kankare: sama ko ƙasa?

Dakin, wato rufin kankare, mai kaurin santimita 15 R ɗinsa wajen 0.1 ne. Yana shan rana wuni guda, ya jinkirta zafin awa 4 zuwa 5, ya sake shi daidai lokacin da mutane ke son barci. Nan amsar a bayyane take: a sa kayan tare zafi a sama. A gyara tsagogi, a tabbatar da gangara ta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 zuwa indararo, a shimfiɗa abin hana ruwa, a ɗora allon soso mai tauri marar shan ruwa na santimita 5 zuwa 10, sai ƙyallen tacewa, sai tsakuwa mai haske ta santimita 5 ko fale-falen kankare don iska kada ta ɗauke. Tsakuwar kaɗai ta kai kilo 80 a murabba'in mita, tsohon dakin sai injiniya ya duba tukuna. Ta haka kankaren yana zama a inuwa, ya koma ma'ajiyar sanyi, abin hana ruwan ma ya daɗe.

Sa shimfiɗa ta ƙasa, a bayan sabon silin, ya fi arha kuma yana rage zafin ɗaki, amma dakin ɗin zai fi da zafi, ya riƙa buɗewa da tsukewa, tsagogi su ƙaru, zafin kuma ya gangaro ta bango. In dole ne a yi haka, a haɗa da faranta saman. Farar ƙasa tana aiki a kan kankare, sai dai sabuntawa kowace shekara, kuma ba a shafa ta a kwano domin tana cin ƙarfen. Fentin akirilik ba ya jure ruwa mai kwanciya.

Bango da tagogi

Bango shi ne na ƙarshe a layi, kuma sau da yawa na yamma kaɗai ke bukatar aiki. Tagar da ke jikinsa ta fi shi gaggawa: murabba'in mita ɗaya na gilashi garau yana shigo da wajen wat 600 da la'asar. Labule a ciki yana tare haske bayan zafin ya riga ya shigo. Rumfa, murfin katako ko ragar inuwa a waje suna tare shi kafin ya taɓa gilashi, kuma rumfa a tagar yamma tana iya rage zafin da kusan kashi uku cikin huɗu. Sauya tagogi shi ne aiki mafi tsada da mafi jinkirin mayar da kuɗi. In sun lalace dole a sauya, a nemi gilashin da ke barin kashi 25 cikin 100 na zafin rana ko ƙasa da haka.

Bangon bulo na siminti, a tare shi ta waje ko ta ciki? Ta waje ana manna allon soso ko audugar dutse na santimita 5, a ƙara ƙusoshin roba wajen 6 a murabba'in mita, a nutsa ragar gilashi a cikin filasta ta milimita 3 zuwa 5, bakin raga yana hawa kan na kusa da santimita 10, a gama da launi mai haske. A fara daga santimita 15 zuwa 20 sama da ƙasa don a riƙa ganin hanyar gara. Wannan yana barin nauyin bangon a cikin gida, ɗaki ya riƙe sanyi awanni ko da an ɗauke wuta. Ta ciki kuwa ɗaki yana rasa santimita 7 zuwa 8, nauyin bangon kuma ya fita daga lissafi. Amma ga ɗakin kwana da ake kunna wa iyakwandishan da daddare kawai, hakan riba ce, domin na'urar ba ta ɓata awa biyu tana sanyaya bulo. Ba a sa ledar hana tururi a bayan allon ciki a gida mai iyakwandishan, ranar da iska ta yi laima, a nan raɓa za ta taru.

Ginin ƙasa mai kauri maganarsa daban. Bangon santimita 30 zuwa 40 R ɗinsa bai wuce 0.5 ba, amma yana jinkirta zafin rana awa 8 zuwa 12, kuma inda dare ya fi rana sanyi da digiri 15 zuwa 20, wannan jinkirin ya wadatar. Galibi abin da yake bukata inuwa ne, farin shafi da rufi mai kyau. Babban abin da ke kashe shi filastar siminti ce ko soso da aka manna masa: danshin da ke hawowa daga ƙasa ya rasa mafita, gishiri ya taru, gindin bangon ya ruɓe a ɓoye yayin da fuskarsa ke nan sumul. A yaɓe shi da ƙasa ko farar ƙasa. In har za a ƙara masa wani abu ta waje, ya zama wanda tururi ke ratsawa, kamar audugar dutse ko allon zaren itace.

Iya ina za a toshe?

Gida mai iyakwandishan a toshe shi iya ƙarfi, kowace kafa kuɗi ce. Bayan an gama aikin, idan lokacin sauya na'ura ya zo, a sake lissafin girmanta, domin wadda ta yi wa ɗaki yawa tana kunnuwa tana mutuwa a kai a kai, ta lalace da wuri.

Na'urar sanyaya iska da ruwa akasin haka take so. Tana cin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar iyakwandishan, tana aiki sosai a busasshiyar iska, amma sai iskar da ta hura ta sami mafita, wajen murabba'in mita 0.1 zuwa 0.2 na buɗaɗɗiyar taga ga kowace kubik mita 1,700 a awa. In aka kulle gidan, laima ta taru, sanyin ya tsaya. Duk da haka a toshe silin, don iskar ta fita ta tagar ɗakin da ake son sanyayawa, ba ta ramukan sama ba. Lokacin da ba a amfani da ita a rufe bakinta, babbar kafa ce.

Gidan da ya dogara da iskar dare yana bukatar abu biyu a lokaci ɗaya: ya rufu ɗam da rana, ya buɗu sosai da dare. Ma'aunin zafi biyu, ɗaya a ciki ɗaya a inuwar waje, su ne ke faɗin lokaci. Da waje ya fi ciki sanyi a buɗe tagogi masu fuskantar juna, ƙananan ta inda iska ke tahowa, na sama ta inda take fita. Da safe, kafin waje ya kamo ciki, a rufe komai. Gida mai shimfiɗa da ba a buɗe shi da dare yana riƙe zafin girki da na jikin mutane, har a ce shimfiɗar ce ta ƙara zafi.

A dukan gidajen uku, wuta ita ce iyaka. Murhun gas, na'urar dafa ruwa mai gas, gawayi da kananzir suna fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, kuma tsohon gida mai yoyo yana iya kasancewa kafofinsa ne ke fitar da ita ba a sani ba. Kafin a toshe, ɗakin girki ya sami fanka mai fitar da hayaƙi waje, ba cikin silin ba, na'urar dafa ruwa ta sami bututunta da kafar shan iskarta wadda ba a taɓawa, a kuma kafa ƙararrawar gano wannan iska kusa da ɗakunan kwana. Janareta ya zauna a waje, aƙalla mita 6 daga kowace taga ko ƙofa, bakin hayaƙinsa yana kallon nesa da gida.